Lafiya Uwar Jiki: Gidan Haihuwa Ma Yana Bukatar Tiyar Awo

Duk wanda ya shiga kasuwar Madawa, kafin ya gama gaisawa da mutane ya san kuɗin buhun albasa da na tiyar hatsi. Amma da zai tambayi mata nawa suka haihu bara a likitar garinsu, nawa aka wuce da su babban asibiti, nawa kuma suka rasu, da wuya ya sami mai ba shi amsa. Alhali kuwa an rubuta lissafin. Kowane wata ma'aikatan gidajen likita na Madawa da Buza da Keita suna cika takardu, su aika wa gunduma, gunduma ta aika Tawa, daga nan sai Yamai. Lissafi yana hawa sama, ba ya saukowa wurin masu shi.

Awon ingancin aiki ba baƙon abu ba ne a jihar Tawa. Tun shekarar 1993 aka kafa wani shiri a jihar da taimakon Amurka, inda ma'aikatan lafiya suka riƙa zama suna duba aikinsu da kansu, suna neman inda ya gaza. A 2005 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 ta ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Duk da haka binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa a cikin haihuwa 100.000, uwa 535 ke rasa ransu, kuma haihuwa 3 kawai cikin 10 ake yi a gidan likita.

Akwai darasi a yaƙin da Nijar ta yi da zubar jini bayan haihuwa. An raba wa gidajen likita ƙwayar misoprostol, da balan-balan da ake sa wa mahaifa, da rigar matsi mai riƙe jini har a kai mace asibiti. Aka kuma kawo awo mai sauƙi: zane da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, wanda in ya jiƙe sharkaf an san ta zubar da kimanin rabin lita, lokacin gaggawa ya yi. Sakamakon da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2023 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2020 mutuwar mata ta wannan hanya ta ragu da fiye da rabi. Awon ya yi amfani ne domin ungozoma da uwar miji duka suna iya karanta shi da idonsu.

Irin wannan awo ya kamata a kafa a ƙofar kowane gidan haihuwa. Allo guda ya isa, da Hausa da Faransanci, ana sabunta shi wata uku-uku. A rubuta yawan matan da suka zo awo sau 4, da waɗanda suka haihu a hannun ma'aikaciya. A rubuta kwanakin da aka yi babu maganin tsai da jini. A rubuta awa nawa ke wucewa daga lokacin da aka ce a tafi da mace zuwa lokacin da ta isa asibitin gunduma, domin a ƙasar duwatsun Adar da kwarin Majiya, korama ɗaya in ta kawo da damina tana iya tsare mota ko amalanke dare guda. A rubuta kuɗin da dangi suka kashe a kan abin da aka ce kyauta ne. A ƙarshe a rubuta uwaye da jarirai da aka rasa, har da waɗanda suka cika a gida ko a hanya. Waɗannan ba sa shiga rajista, amma liman da mai gari sun san su, don su suka yi jana'iza.

Tun da mafi yawan matan karkara ba su yi lakwal ba, wajibi ne kwamitin kula da likita ya karanta allon a gaban jama'a, rediyon karkara kuma ta maimaita.

Wasu ma'aikata za su ce wannan tonon asiri ne, kuma tsoronsu yana da tushe. In aka mai da allo sandar dukan ungozomar asibiti, sai ta ɓoye mutuwa, ko ta riƙa tura duk mai doguwar naƙuda gaba don kada ta mutu a hannunta. Saboda haka kada a sa sunan kowa. A gefen kowane adadi kuma a faɗi abin da ma'aikata suka rasa: man motar ɗaukar marasa lafiya, jinin ƙari, wutar dare, da kuɗin aikin kyauta da gwamnati ta sha jinkirta biya. Ta haka laifin miji da ya hana a fita da wuri zai fito, na hukuma ma zai fito.

Hukumomin garuruwa da sarakunan gargajiya na gundumomin uku suna iya fara wannan aiki ba tare da jiran wani shiri daga waje ba, don alli da allo ba su kai kuɗin buhun albasa ba. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da suka haifa.