Shin Rashin Shan Kaye Ne Ma'aunin Gwaninta?

A teburin mai shayi a Zongon Kwatano, matasa kan ce Floyd Mayweather ne sarkin 'yan dambe, tun da ya yi karawa 50 ba a doke shi ba. Ban gamsu da wannan hujja ba, domin adadi ba ya bayyana da wa aka kara. Ko a damben gargajiya, idan aka ce wane ya yi kisa, sai a tambaya: wa ya kashe?

Muhammad Ali ya sha kaye sau 5, amma da manya ya gwabza. A Kinshasa, a 1974, George Foreman ya shigo fili da nasara 40 babu faɗuwa ko ɗaya. Ali, mai shekara 32, ya shimfiɗe shi a turmi na 8.