Masu buƙata ta musamman: Wa ke biyan mai jinyar yau da kullum?

A watan Janairun 2019 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati.

Sai dai kafin mai shanyewar jiki ya isa ƙofar ofis, sai an tashe shi, an yi masa wanka, an sa masa tufafi. A yawancin gidajenmu uwa ce ke wannan aiki, ko matarsa, ko yarinyar da aka cire daga makaranta, kuma ba a biyan su ko sisi.

Sashe na 19 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, ya ɗauki samun mataimaki a matsayin haƙƙi. A Suwidin, tun 1994, idan buƙatun mutum na tilas sun wuce awa 20 a mako, gwamnatin ƙasa ce ke biyan mataimakin, kuma shi ke zaɓar wanda yake so.

Aljihun Najeriya bai kai na Suwidin ba. Amma hukumar masu buƙata ta musamman da aka kafa a 2020 za ta iya fara ƙidayar masu wannan jinya, sannan ta nemi a sa musu alawus a kasafin kuɗi. Idan ba haka ba, guraben aikin za su tsaya ne ga waɗanda ke iya fita da kansu.