Lissafin Ƙasar Noma: Abin da Ke Fita da Abin da Ke Shiga

Tun daga taron da shugabannin Afirka suka yi a Abuja cikin shekarar 2006, inda suka ƙudurta cewa takin zamanin da manomin nahiyar nan ke zuba wa kowace hekta ya tashi daga kimanin kilo 8 zuwa kilo 50, maganar taki a bakin hukumomi ta zama maganar buhu: nawa aka sayo, nawa aka raba, nawa ya sauka a hannun manomi. Mu ba mu raina wannan ƙoƙari ba. Sai dai muna ganin akwai wani lissafi da ya fi na buhu nauyi a mizani, wanda har yanzu babu ma'aikatar da ta buɗe masa littafi.

Masana ilmin ƙasa sun tabbatar cewa shuka, bayan manyan sinadarai uku da ke cikin kamfa, tana bukatar waɗansu ƙanana, irin su zinki da boron da tagulla da ƙarfe, waɗanda ƙalilan ne miƙdarinsu amma rashinsu na tauye amfani. To, kowace damina hatsi na ɗebe su daga ƙasa, a kai shi kasuwa. Karan dawa a kwashe shi don danga da makamashi. Harawa a ɗaure ta a sayar wa masu kiwon birni. Sa'an nan abin da ya rage a bar wa iska da zaizayar ruwa. Kamfa da yuriya kuwa, galibi, ba su mayar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa manomi kan zuba taki gwargwadon ƙarfinsa, ya tarar masararsa ta tsugune, sabon ganyenta ya yi zane fari-fari, ya ɗora laifin a kan mai sayar da taki, alhali ƙasar ce ta talauce da zinki. Illar kuma ba ta tsaya a gona ba, gama hatsin da ya tsiro cikin rashi da rashi yake isa tukunya, likitoci kuwa sun daɗe suna danganta ƙarancin zinki da tsumburewar yara da yawan gudawa.

Iyayenmu, ko da yake ba su san sunayen waɗannan sinadarai ba, sun san hukuncinsu. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano an yi ƙarnoni ana noma ta shekara da shekara ba hutu, saboda jakuna na shiga birni da itace da hatsi, su fito da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar gida. Abin da gona ta ba birni, birni ya mayar mata. Wannan al'ada tana nan, motoci ma sun shiga cikinta. Abin da ya sauya shi ne jujin. Bolar yau ta haɗa matattun batura da tarkacen rediyo da waya da gwangwanin fenti, a cinna musu wuta, a kwashi tokar a kai gona da sunan taki.

A nan ne musibar ta biyu take. Dalma da kadmiyam da kuromiyam ba su ruɓewa kamar yadda ganye ke ruɓewa. In sun shiga ƙasa sai su zauna, na bana ya hau kan na bara. Majemanmu na dā da bagaruwa suke jima, amma masana'antun fata na zamani da gishirin kuromiyam suke aiki, kuma binciken jami'o'inmu ya sha nuna waɗannan ƙarafa cikin ruwan da ke gangarowa daga unguwar masana'antu ta Bompai, har zuwa rafukan Getsi da Jakara, inda masu lambu ke noman rani. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa ruwan da ƙazanta ta jirkita launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai halatta a yi tsarki da shi ba; abin mamaki, ruwan da babu mai yarda ya yi alwala da shi, shi ake shayar da latas da alayyafo da kabeji, a wanke su da shi, a kawo mana kasuwa. Ba mu zargin mai lambu, domin shi ne ruwan da ya iske a bakin gonarsa.

Wanda ke shakkar yadda dalma ke maƙalewa a ƙasa, ya tuna Zamfara a 2010, sa'ad da niƙan duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma cikin gidaje ya hallaka yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Babu maganin da aka samu ga ƙasar ƙauyukan Dareta da Bagega illa a kankare samanta, a binne a rami, a shimfiɗa sabuwa. Tsakar gida tana kankaruwa da kuɗi da wahala. Fadama mai ɗaruruwan kadada, wa zai kankare ta?

Saboda haka muna kira ga gwamnatoci da su sa gwajin ƙasa ya zama sashe na rabon taki, a dogara ga cibiyoyin binciken noma irin ta Samaru da ke Zariya, domin a haɗa wa kowane yanki takin da ya dace da larurarsa, da zinki a ciki inda aka ga babu. Dokar ingancin taki ta 2019 ta ba hukuma ikon bincike. To, a riƙa auna kadmiyam cikin takin da ake yi da dutsen fosfet, tun da an san yakan zo tare da shi daga mahaƙa. Hukumar kare muhalli ta NESREA kuma ta tilasta wa masu masana'antu tace ruwansu kafin su sake shi, ta kuma riƙa buga sakamakon awonta a fili, rafi-rafi, da harshen da mai lambu zai iya karantawa.