Shafin Bakanike: In A-kori-kura Ta Tafasa A Hanya

Wani dattijon ikkilisiya ya rubuto mini a kan tsohuwar Peugeot 404 a-kori-kura da suke da ita, wadda take kai mai bishara ƙauyuka, take kuma kai marasa lafiya asibiti da dare. Ya ce ba su yin tafiyar awa guda sai ruwa ya tafasa, har wani ya ba su shawara su sayar da ita. To, Baba, kada ku yi gaggawar sayarwa tukuna.

Wannan mota ta fara fitowa a Faransa a 1960, ta cika ƙasarmu kuwa bayan da Peugeot ya buɗe wurin harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Injinta mai haƙuri ne ƙwarai. Amma murfin kansa na alminiyum ne, zafi mai yawa yakan lanƙwasa shi, daga nan kuma sai maganar kuɗi masu nauyi.

Na ga wannan da idona a Hawan Kibo, hanyar Akwanga zuwa Jos. Muna ɗauke da buhunan masara da matan zumunta a baya, allura ta hau ja, direba ya ce bari mu ƙarasa tudun. Ba mu ƙarasa ba. Da motar ta tsaya, yaron mota ya sa tsumma ya murɗe murfin lagireto, tafasasshen ruwa ya yi tsiri ya sale masa hannu har gwiwa. Sa'an nan direba ya kwara ruwan rafi mai sanyi a cikin injin da yake ƙuna. A nan muka kwana, injin kuma sai da aka sauke shi.

Saboda haka in allura ta kai ja, a nemi gefen hanya a tsaya nan take, a sa wa taya waigi, a buɗe bonet iska ta shiga. Kada kowa ya taɓa murfin lagireto sai bayan rabin awa ko fiye, sai ka iya riƙe tiyon sama da hannu. Gama ruwan da ke ciki a matse yake, ya wuce zafin tafasa, da an buɗe sai ya yi aman wuta. In za a ƙara ruwa, a ta da injin, a zuba kaɗan-kaɗan. Yara kuwa a kawar da su nesa.

Yanzu sai neman dalili. Ni a kullum daga abu mai araha nake farawa.

Da fari dubi fanbel. Danna shi da babban yatsa. In ya nutse fiye da faɗin yatsa guda, ya yi sako-sako, ba ya juya famfon ruwa yadda ya kamata. Dubi tiyo na sama da na ƙasa ko sun tsage, ko sun yi laushi kamar tuwo. Duba ƙarƙashin famfon ruwa, akwai ɗan rami a wurin. In yana ɗiga, famfon ya gaji. Waɗansu 404 da 504 fankarsu tana da maganaɗiso, ba ta kamawa sai ruwa ya yi zafi. In waya ta tsinke za ka ga fanka tana juyawa kamar lafiya, alhali ba ta jan iska.

Murfin lagireto kuma, mutane suna raina shi. Aikinsa ya matse ruwa don kada ya tafasa da wuri. Ruwa yakan tafasa a digiri 100 a bakin teku, amma a Jos, wadda tsayinta ya kai wajen mita 1,200, yakan tafasa a wajen digiri 96. Motar da robar murfinta ta mutu tana iya yin lafiya a Makurdi, ta tafasa a kan dutse. Murfi kuwa ba shi da tsada.

Amma a tsohuwar mota irin ta Baba, na fi zargin lagireton kansa. Daga waje ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwari sukan toshe saƙarsa, iska ba ta ratsawa. Wanke shi da ruwa daga bayansa zuwa gaba. Daga ciki kuwa, shekara da shekaru ana zuba masa ruwan rijiya da na kududdufi, tsatsa da laka sun cika siraran bututunsa. In injin ya ɗumama, kashe shi, ka shafa lagireto a hankali. Inda ka ji sanyi, nan ya toshe. Mai gyaran lagireto zai buɗe shi ya tsokace bututun ɗaya-ɗaya. Daga nan sai ruwan sama da aka tace, tare da ruwan nan mai launi da ake sayarwa don hana tsatsa. Masu zuba garin sabulu ko ƙwai don su tsai da yoyo, toshiya suke ƙarawa.

Akwai kuma tamostat, ɗan ƙyauren da yake tsare ruwa har injin ya ɗumama. In ya maƙale a rufe, mota takan tafasa cikin minti kaɗan. Makanikai da yawa sukan cire shi su yar, su ce ƙasarmu da zafi. Ban yarda da su ba. Injin da ba ya ɗumama da wuri yana shan mai, yana kuma saurin cinyewa. Jefa shi a tukunyar ruwan zafi. In bai buɗe ba kafin ruwan ya tafasa, sayi wani.

In an bi duk wannan ruwa yana ta raguwa ba a ga yoyo ba, zaro sandar gwada baƙin mai. In mai ya zama kamar koko, ko farin hayaƙi yana fita ta salansa, ko kumfa tana tasowa a bakin lagireto sa'ad da injin ke aiki, gaskit ya ƙone. Wannan ba aikin gida ba ne. A kai wa gwani, a kuma tabbata ya auna murfin kan injin ko ya lanƙwashe kafin ya ɗaura sabon gaskit, in ba haka ba za a biya sau biyu.

Baba, ku fara da murfi da wankin lagireto, ku rage mata kaya a hawan tudu, sa'an nan ku rubuto mini yadda ta yi. Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba birki.