Wasan na Birtaniya ne, babur ɗin na Sifaniya: abin da ficewa daga Tarayyar Turai ta jawo wa masu hawa dutse da babur

Duk mai yawan kallon gajerun bidiyo a TikTok ko YouTube da wuya a ce bai taɓa cin karo da shi ba: mutum tsaye cak a kan wani siririn babur marar wurin zama, ya tunkari dutsen da ya fi shi tsawo, ya ɗaga tayar gaba, ya daka tsalle ya dira a kai, ƙafarsa ko ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba. A ƙarƙashin bidiyon za ka ga masu rantsuwa cewa haɗin kwamfuta ne. Wasa ne na gaske, sunansa tirayal, kuma ya haura shekara 100 ana yin sa a Birtaniya.

A tirayal babu ruwan kowa da gudu. Ana shata wani ɗan yanki mai wuyar bi, cikin rafi mai santsi ko kan duwatsu ko gangaren da ke cike da saiwoyin bishiya, alƙali ya tsaya yana kallo. Ka sa ƙafa a ƙasa sau ɗaya, an rubuta maka maki 1. Sau biyu, maki 2. Sau uku ko fiye, maki 3. Ka faɗi ko ka fita daga shatar, maki 5. Wanda ya tashi da maki mafi ƙaranci shi ya ci. Saboda haka aka ƙera babur ɗin daban: nauyinsa bai wuce kilo 70 da ɗan wani abu ba, tankinsa ba ya cin fiye da lita 3, kuma iskar da ake bari a tayar baya kaɗan ce ƙwarai, wajen awo 4 a ma'aunin mai faci, domin robar ta kwanta ta rungumi dutse.

Gasar da ta fi kowace daraja a wasan ita ce ta kwana shida da ake yi a Sikotlan, wadda ta samo asali tun 1909, kuma garin Fort William ne sansaninta a farkon watan Mayun kowace shekara. Har zuwa farkon shekarun 1960 baburan Ingila masu nauyi, irin su Ariel da AJS, su ke cin karensu babu babbaka. Sai wani gwanin mahayi ɗan Belfast, Sammy Miller, ya bar Ariel ya koma kamfanin Bultaco na Sifaniya, suka fito da wani babur marar nauyi mai suna Sherpa T. Da shi ya lashe gasar Sikotlan a 1965. Daga nan kasuwar ta juya, ba ta kuma sake dawowa ba. Birtaniya ta ci gaba da haifar gwanaye, Dougie Lampkin ya ci kofin duniya na fili sau 7 a jere daga 1997 zuwa 2003, Emma Bristow ta mamaye ɓangaren mata shekara da shekaru, amma baburan da suka hau duk daga ƙetare suka zo.

Yau idan ka leƙa wurin gasa a Yorkshire, sunayen da za ka karanta a jikin tanki su ne Montesa, GasGas, TRS da Vertigo, dukkansu 'yan asalin yankin Kataloniya na Sifaniya, sai Sherco mai ƙafa ɗaya a Faransa ɗaya a Sifaniya, da Beta ta kusa da Florence a Italiya. Shi kansa sarkin wasan, Toni Bou, wanda ya fara tattare kofunan duniya tun 2007, ɗan Kataloniya ne, Montesa yake hawa. Ke nan ɗan Birtaniya mai wannan sha'awa, ya sani ko bai sani ba, rayuwar babur ɗinsa a rataye take da wani sito da ke tsallaken teku.

A nan ne maganar gyara ta shigo, domin babur ɗin tirayal ba ya haƙuri da sakaci irin yadda babur ɗin haya yake yi. Aikinsa a cikin ruwa da taɓo yake. Bayan kowace fita sai an cire soson tace iska an wanke shi an shafa masa mai, in ba haka ba ƙura da yashi su shiga su cinye fistin da ringi. Boris ɗin taya da na gindin shakazoba ruwa ke kashe su, ana canza su akai-akai. Yawancin injinan irin masu shan fetur gauraye da mai ne, ana auna man daidai kafin a zuba, an yi kaɗan inji ya ƙone, an yi yawa fulogi ya yi baƙi. Man giya ana sauya shi da wuri saboda a cikinsa kuloci ke wanka, kuma a wannan wasa kuloci ne rabin gwaninta: da yatsa ɗaya mahayi ke riƙe da shi tun daga farkon shata har ƙarshe. Idan babur ya nitse a rafi ya sha ruwa, kuskure mafi tsada shi ne a yi ta buga masa kik. Sai an cire fulogi, an kifa babur, an fitar da ruwan, an zazzage kafireta, sannan a gwada tayarwa.

Mafi yawan mahayan da kansu suke wannan aiki a garejin gida ranar Asabar, don su fita ranar Lahadi. Abin da suke saye kuwa ƙananan kaya ne: hannun birki da ya karye, robar da ke tare mai a shakazoba, takalmin birki, faifan kuloci. Kayan fam 10, fam 20, fam 40. Kuma a kan irin waɗannan ƙananan kaya ne ficewar Birtaniya ta fi nuna kanta.

An kaɗa ƙuri'ar ranar 23 ga Yuni, 2016. Kashi 51.9 cikin ɗari suka ce a fita, kashi 48.1 suka ce a zauna. Sikotlan, mai masaukin babbar gasar, kashi 62 na masu zaɓenta zama suka zaɓa. Washegari darajar fam a kan dala ta faɗi zuwa matakin da ba a gani ba cikin sama da shekara 30, ta kuma faɗi a kan yuro, don haka duk abin da dillali ke biya da yuro ya ƙara tsada tun kafin a fita ko'ina. Fitar a hukumance ta zo ranar 31 ga Janairu, 2020, amma sai 1 ga Janairu, 2021 sababbin ƙa'idojin kasuwanci suka fara aiki.

'Yan siyasa sun yi ta shelar cewa yarjejeniyar da aka cimma ranar 24 ga Disamba, 2020 babu harajin shigo da kaya a cikinta. Gaskiya ne, sai dai da sharaɗi. Rangwamen na kayan da asalinsu na Turai ne ko na Birtaniya. Kafiretar Keihin da aka ƙera a Japan, ta kwana a sito a Barcelona, ba ta zama 'yar Turai ba don ta kwana a can, kuma idan aka tura ta Ingila ita kaɗai tana iya faɗawa cikin haraji. Ko da kayan ya cika sharaɗin, sai an cike takardar kwastan, abin da babu shi a da. Sannan ga harajin VAT na kashi 20. Idan kayan bai wuce fam 135 ba, dokar Birtaniya ta ce mai sayarwa ne zai karɓa, wato ƙaramin shago a Girona sai ya yi rajista da hukumar harajin Birtaniya kafin ya aika hannun birki guda. Idan ya wuce fam 135, a bakin iyaka ake karɓa, kamfanin da ya ɗauko kayan kuma ya ɗora nasa ladan cike takarda. Shaguna da dama a Turai suka duba wahalar, suka duba ribar, suka cire Birtaniya daga jerin ƙasashen da suke aika wa kaya.

Babban dillali mai shigo da babura kwantena guda yana da akawu da wakili a kwastan, ya raba kuɗin takarda a kan kaya dubu. Mai neman roba ɗaya ta wani tsohon Bultaco ba shi da wanda zai raba da shi. Adalci ne a ce annobar korona ta faɗo a daidai wannan lokaci, ta rikita sufurin duniya, har ta hana gasar Sikotlan a 2020 da 2021, don haka ba kowane jinkiri ne laifin ficewa ba. Amma korona ta wuce, takardar kwastan tana nan.

Tafiya ma ta sauya. Ɗan Birtaniya yanzu kwana 90 kawai yake da su cikin kowane 180 a yankin Schengen, abin da ke ƙuntata wa matashin da ke son yin hunturu yana atisaye a Sifaniya inda gwanayen suke. Ƙungiyar da za ta tsallaka da babura da kayan aiki zuwa gasa kuma sai ta nemi takardar shigar da kaya na wucin gadi, wadda ke cin ɗaruruwan fam, a jera kowane abu a ciki, a buga mata hatimi wajen fita da wajen dawowa.

Masu goyon bayan fita a cikin mahayan suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. A 2014 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar da aka fi sani da Vnuk, ta wani ma'aikaci a Sulobeniya da tarakta ta ture tsanin da yake kai a cikin gona. Kotun ta fassara dokar inshora ta yadda tilascin inshorar abin hawa zai iya shafar har wanda ake amfani da shi a fili mai zaman kansa. Ga wasan da ake yi a gonaki da dazuzzukan mutane, da baburan da da yawansu ko lamba ba su da ita, wannan barazana ce ta gaske, domin kamfanonin inshora sun nuna ba su da niyyar ɗaukar irin wannan kasada. Ƙananan kulob da 'yan sa-kai ke tafiyarwa sun ji tsoron rufewa. Bayan fita, majalisar Birtaniya ta yi doka a 2022 ta cire wannan hukunci daga dokokinta. Wanda ya ce wannan riba ce bai yi ƙarya ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ita ma Tarayyar Turai ta gyara dokar tata a ƙarshen 2021, ta ware wasannin tseren ababen hawa daga tilascin. Masu wasan a Faransa da Jamus da Sifaniya su ma sun yi kuka, an kuma saurare su suna ciki. Mahayin Kataloniya ya tsira daga Vnuk, kuma har yau hannun birkinsa na zuwa daga Italiya ba tare da ko takarda ɗaya ba. Mahayin Yorkshire ya tsira daga Vnuk, ya kuma gaji kwastan. Idan aka ɗora biyun a sikeli, cinikin bai yi wa na Yorkshire kyau ba.

Mai riƙe da waya zai fi saurin gane wannan lissafi. Tun Yunin 2017 ɗan Tarayyar Turai ke yawo da layinsa a ƙasashen ƙungiyar ba tare da ƙarin kuɗi ba. Da Birtaniya ta fita, wannan kariya ta faɗi, kamfanonin EE da Vodafone da Three suka dawo da cajin yawo na kusan fam 2 a rana ga kwastomomi da yawa, O2 ne bai bi sahu ba. A ɗaya gefen kuma, da Turai ta tilasta wa masu ƙera waya amfani da caja irin ta USB-C, Apple ya sauya tun daga iPhone 15 a 2023, kuma wannan wayar ce ake sayarwa a Landan, ita ce ake sayarwa a Farm Centre a Kano. Babu kamfanin da zai buɗe layin ƙira na daban don ƙasa ɗaya. Birtaniya ta fita daga ɗakin da ake yanke shawarar, shawarar kuma ta biyo ta har aljihu.

Masu rubuta manhaja sun san irin wannan ciwo. Mutum ya gaji da wata babbar manhajar wasu da aikinsa ya jingina a kanta, ya ce zai cire ta ya huta. Cirewar layi ɗaya ce. Sai an cire ake ganin ƙananan wurare hamsin da ke kiranta a ɓoye, kowanne sai an zauna an rubuta masa madadi, kuma madadin sai ya yi magana da sauran duniya da yaren waccan da aka cire. Wani lokaci cirewar ta cancanci wahalar. Amma wanda ya ce maka kyauta ce, bai taɓa yi ba.

Wannan ba labarin nesa ba ne ga mai karatu a Maraɗi ko Katsina. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. Dalilansu daban ne da na Birtaniya, takunkumi da rufe iyaka da yanke wutar lantarki na 2023 ba abin da za a kwatanta da rigimar inshora ba ne. ECOWAS ta ce za ta ci gaba da mutunta fasfo da zirga-zirgar 'yan ƙasashen uku har sai an sake shawara, su kuma a Maris ɗin 2025 suka sa harajin kashi 0.5 a kan kayan da ke shigo musu daga waje, har da na ƙasashen ECOWAS. Wanda ke son sanin inda abin zai kai ya sa ido a kan mai ɗaukar kwalin gilashin waya da batir daga Kano zuwa Damagaram, ya ga takardu nawa ake tambayarsa bana, nawa za a tambaye shi baɗi.

A Birtaniya dai wasan bai mutu ba. Gasar Sikotlan ta dawo a 2022, baƙi daga Turai na ci gaba da zuwa Fort William. Abin da ke tasowa yanzu shi ne babur ɗin tirayal mai batir, wanda ba shi da kafireta, ba shi da fulogi, ba ya damun maƙwabta da ƙara, kuma ɗaya daga cikin kamfanonin da suka yi gaba a kansa, Electric Motion, a kudancin Faransa yake. Birtaniya ta ƙirƙiro tambarinta na ingancin kaya, UKCA, don ya maye gurbin CE na Turai, ta ɗage wa'adin tilasta shi sau da yawa, sannan a Agustan 2023 gwamnati ta sanar cewa za ta ci gaba da karɓar CE a kan yawancin kayayyaki ba tare da wa'adi ba. Cajar da ɗan Yorkshire zai jona wa sabon babur ɗinsa a gareji, tambarin CE ne a jikinta.