Fim ɗin kadan Tenere

Yara da yawa sun fi son fim na faɗa da na dariya. In aka sa fim na dabbobi ko na bincike a telebijin, sai su tashi. Wannan kuskure ne, don irin wannan fim makaranta ce.

Ga misali. A shekarar 2000, wani masani ɗan Amurka, Paul Sereno, ya je Gadafawa cikin hamadar Tenere, a jihar Agadas. Shi da abokan aikinsa sun tono ƙasusuwan wani ƙaton kada. Tsawonsa ya kai mita 9. Ya rayu shekaru wajen miliyan 110 da suka wuce. A 2001 aka yi fim a kan wannan aiki.

Kada ba ya rayuwa sai da ruwa. Ke nan, inda rairayi ya rufe yau, dā koguna ne cike da kifaye. Yaron da ya ga fim ɗin zai gane haka da idonsa. Zai ga masana durƙushe cikin rana, suna share ƙashi da ɗan buroshi, sannu a hankali.

Wanda bai san darajar ƙashin nan ba yana iya fasa shi, ko ya sayar wa baƙo da arha. In ya tafi, ba ya dawowa. Don haka ya kamata malamai su riƙa nuna wa ƴan makaranta irin waɗannan finafinai. Gani ya kori ji.