Kafin ka sayi fulawar ti, wa zai ba ta ruwa idan an yi hutu?

Duk farkon zangon karatu labarin ɗaya ne. Masu fulawa su jera tukwane a bakin get, mu kuma ɗalibai mu bi muna saya, kowa na so ɗakinsa ya fito da kyau a hoto. Wadda aka fi rububi ita ce mai dogayen ganyen nan ja-ja da ratsin ruwan hoda, wadda ake kira ti. Ba ti na mai shayi ba fa, don Allah kada wani ya dafa. Bayan sati shida ka leƙa bayan hostel, ga tukwanen nan an watsar, sai busasshen kara a tsaye. Ni kaina na kashe biyu kafin ta uku ta rayu, don haka ba zagin kowa nake yi ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: fulawar ti ba labule ba ce, ba kuma kafet ba. Abu ne mai rai. Wanda bai shirya ɗaukar nauyinta ba, gara ya bar kuɗinsa ya yi fotokwafi.

Ranar da na sayi ta farko na tambayi dattijon da ke sayarwa, "Baba, wannan tana da wahala?" Ya ce, "Ina! 'Yata, ki dai riƙa zuba ruwa, ba ta mutuwa." Na ko riƙa zuba ruwa safe da yamma a cikin bokitin fenti marar huji. Sati uku ganye ya yi rawaya, gindin ya yi laushi yana wari. Saiwar ta ruɓe, domin ita ma tana buƙatar iska. Ta biyu kuma na ce bari in gyara, sai na ɗora ta a taga mai kallon yamma. Ranar watan Maris ta toya ganyen kamar an bi shi da dutsen guga.

Sai daga baya na gane matsalar. Wannan tsiro, da masana ke kira Cordyline fruticosa, asalinsa daga kudu maso gabashin Asiya ne da tsibiran tekun Fasifik, inda ruwan sama ke da yawa, iska kuma kullum da laima. Mutanen Folinesiya ne suka riƙa ɗaukarsa a kwale-kwalensu daga tsibiri zuwa tsibiri har ya kai Hawai, wadda yau jiha ce a Amurka. A can da ganyensa suke naɗe nama da kifi su turara, da shi suke yin siket na rawar hula, a da har rigar ruwa da takalmi. Suna kuma shuka shi a gefen gida don sun ɗauke shi mai kawo sa'a. To ka ɗauko baƙon da ya saba da irin wannan wuri ka ajiye shi a ɗakin mutum shida cikin hunturu, ai dole ka yi masa hidimar baƙo.

Hidimar ba ta da tsada. Tukunya mai huji a ƙasa. Ƙasa mai sakin ruwa: baƙar ƙasa, yashi da ruɓaɓɓen taki, ba laka ba. Haske mai yawa amma ba rana kai tsaye ba. Taga mai kallon gabas ta fi, ko a sa labule mara kauri. Idan haske ya yi kaɗan, jan ganyen zai dusashe ya koma kore. Ruwa kuma ba a ba shi da agogo. Ka tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ɗaya, in ka ji ta bushe ka zuba har ya fito ta ƙasa, ka zubar da wanda ya taru a faranti.

Abin da mai fulawa ba zai gaya maka ba shi ne irin ruwan. Ti ba ta jure sinadarin fuloraid, wanda ke taruwa a bakin ganye ya ƙona shi ya yi ruwan ƙasa. Ruwan bohol a wasu yankuna yana ɗauke da shi da yawa. 'Yan uwanmu na wajen Kaltungo da Langtang sun san yadda yake ɓata haƙora. Kuma barin ruwa ya kwana a bokiti ba ya cire shi, kulorin kawai ke tashi. Ruwan sama ya fi komai. Ni jarka biyu nake tarawa a ƙarshen damina, in ya ƙare in roƙi ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗakin kwamfuta.

Hunturu shi ne babbar jarabawa. Iska ta bushe, ƙura ta rufe ganye, sai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo su kama bayan ganyen suna tsotsa. Maganinsu goge ganye da jiƙaƙƙen tsumma duk sati, gaba da baya, da wanke shi da ruwa mai ɗan sabulu idan sun bayyana. A rufe taga da dare, don sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10 yana yi mata illa. A kuma nisanta ta da magen hostel, ganyen guba ne ga kyanwa da kare.

Na san abin da wasu za su ce. 'Yar ɗakina ta taɓa cewa fulawar za ta shanye mana iska da dare. Gaskiya ne tsiro yana shaƙar iskar oksijin da dare, amma abin da tukunya ɗaya ke sha bai kai ko kusa da na mutum ɗaya da ya zo kwanan aro ba. Masu cewa tana tace iskar ɗaki su ma sun ƙara gishiri. Binciken hukumar NASA na 1989 da ake yawan kafa hujja da shi a cikin rufaffun akwatuna aka yi shi. Wani nazari na 2019 daga jami'ar Drexel ya nuna sai an jera tsirrai 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska daga waje ke yi. A buɗe taga kawai.

To me ya sa nake ta fama da ita? Don ita ce abu ɗaya a makarantar nan da ba a yi masa karatun daren jarabawa. Ba za ka manta da ita wata biyu sannan ka zuba mata bokiti guda ka ce ka rama ba. Minti biyar take so, amma a kai a kai. Ranar da na ga sabon ganye ya fito, ja kamar zoɓo, a makon da sakamakona bai yi daɗi ba, wallahi ni kaɗai na san abin da na ji.

Sai dai mai kashe fulawa na gaskiya shi ne hutu. A kulle hostel wata biyu, ko a tafi yajin aiki ba shiri, ko a tura mu SIWES. Ba mai shiga mota da tukunya a cinya. Nan ne nake kira ga ƙungiyar ɗalibai. A nema mana wuri ɗaya mai inuwa inda za a tara tukwane lokacin hutu, kowa ya rubuta sunansa a jiki, a sa durom biyu ƙarƙashin indararo, ɗaliban da ke zaune a gari su riƙa leƙawa bi da bi. Kuɗin bai kai na kujerun haya na taro ɗaya ba.

Daga nan ma sai mu daina saye. Ti tana kamawa daga kara: a yanka guntu kamar tsawon yatsa, a kwantar da shi kan ƙasa mai danshi rabinsa a binne, bayan wasu makonni ya toho. Tawa ta ba ni uku, biyu suna hannun sabbin ɗalibai, ɗaya na nan tana jiran mai so. Duk mai buƙata ya zo, kyauta ce. Amma sai ya fara gaya min wa zai ba ta ruwa a watan Disamba.